Yadda Ake Rushe Ɓangaren Gini a Jami'a Alhali Ana Karatu

Tun bayan aikin da muka yi na cire reshe ɗaya na wani tsohon bene a wata jami'a, ana lakca a ɗaya reshen har muka gama, tambaya ba ta yanke mini ba. Ƙananan injiniyoyi su tambaya, 'yan kwangila su tambaya, har a wajen ɗaurin aure wani ma'aikacin sashen ayyuka ya ja ni gefe ya ce, "Injiniya, don Allah irin wannan aikin ta ina ake kama shi?" To ga amsar a jere, yadda nake bi.

Fasa kankare ba wuya, ko yaro ka miƙa wa guduma zai yi ɓarna. Wahalar tana wajen abin da zai rage a tsaye: rabin ginin da za a ci gaba da zama a cikinsa, da ɗaruruwan ɗaliban da ke bi ta gindinsa kullum, ido a kan waya, kunne a toshe. A kansu ne yawancin kuɗinka da lokacinka za su tafi. Bayanin nan ya shafi ginin kankare mai hawa ɗaya zuwa uku, irin waɗanda aka zuba a jami'o'inmu a shekarun 1960 da 1970. Bai ɗauke maka neman injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ba, wanda zai sa hannu da hatimi a kan tsarin aikin.

1. Takarda kafin guduma

Ginin jami'ar gwamnati dukiyar gwamnati ne, har ƙyauren ƙofa. Kada ka motsa da "Darakta ya ce a fara." Ka riƙe takardar amincewar hukumar jami'a, da ta miƙa maka wurin, mai ɗauke da zanen da ya nuna layin da rusau zai tsaya. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta taɓo har yadda ake rabuwa da kadarar gwamnati, don haka a jami'ar tarayya mai binciken kuɗi zai zo, ko bayan shekara uku ne. Ka tambayi sashen tsara gine-gine ko sun tuntuɓi hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. Ka kuma karanta ƙa'idojin NESREA, hukumar kare muhalli ta tarayya, na 2011 kan harkar gine-gine.

Inshora iri biyu ce: ta ma'aikatanka, ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010 da NSITF ke kula da ita, sai ta mutanen waje. Ta biyun ake mantawa, ita ce kuwa mai rufin asiri ran da ɓallin bulo ya sauka a kan motar farfesa, ko Allah ya kiyaye, a kan ɗalibi.

*Gargaɗi:* a rubuta a yarjejeniya wa ke da rodi, tagogi, ƙofofi da kwano. Kuma kada ka taɓa biyan lebura da rodin da ya ciro. Ranar da rodi ya zama ladansa, zai nufi inda ƙarfe ya fi kauri, wato gindin fila, alhali dekin na bisa kansa.

2. Ka san ginin kafin ka taɓa shi

Nemi tsohon zane a sashen ayyuka. In an samu, madalla, amma kada ka gaskata shi sai ka gwada, domin shekara hamsin ana toshe ƙofa, ana ƙara bango, ana ɗora tankin ruwa inda ba a yi lissafinsa ba. In gara ta riga ka, injiniya zai sa a kankare filasta nan da can, a ga ina fila take, ina bim (gungumen kankaren da ke kwance a kan fila yana ɗauke da dekin) ya bi, wane bango ke ɗauke da nauyi, wanne kuma na raba ɗaki ne kawai.

Abin da zan fara nema shi ne tsagar da aka bar wa dogon gini da gangan saboda zafi da sanyi, wadda ke tashi daga ƙasa har rufi, sau da yawa da fila biyu kafaɗa da kafaɗa. In akwai ta kusa, ka roƙi jami'a ta matsar da layin rusau ya faɗa a kanta, ko da za a yi asarar ofis ɗaya. Rabin wahalarka ta tafi ke nan.

In babu, sai a kula da bim ɗin da aka zuba a haɗe ya ratsa kan fila uku ko huɗu. Sassansa jingine suke da juna. Ka cire ɗaya, maƙwabcinsa ya koma ɗaukar nauyi ta hanyar da ba a tsara masa ba, tsakiyarsa ta lotsa, ta tsage. Haka baranda mai leƙowa wadda ba fila a ƙarƙashinta: rodinta a sama yake, maƙale cikin dekin ɗin da ke bayanta. Wanda ya fasa dekin ɗin baya kafin ya sauke barandar, zai gan ta a ƙasa gaba ɗayanta. Sai matakala. In reshen da za a cire shi ke ɗauke da ɗaya daga matakalai biyu na ginin, ka bar cikakken aji da mafita ɗaya ran gobara. A kafa ta ƙarfe ta wucin gadi tukuna.

*Gargaɗi:* wasu manyan ɗakunan lakca masu faɗi, waɗanda ba fila a tsakiyarsu, ana ɗaure bim ɗinsu da wayoyin ƙarfe da aka ja aka tamke. In aka yanke ba bisa ƙa'ida ba, kan wayar na iya fita kamar harsashi. Da injiniya ya ga alamar haka, a dakata, a nemo gwanin wannan fanni.

Sannan ka zagaya ɓangaren da zai tsaya tare da wakilin jami'a, ku ɗauki hoton kowace tsaga, ku sa hannu ku biyu. In ba haka ba, duk tsagar da ta girme ka kai za a ɗora wa. A kan manyan tsagogin a ɗan shafa siririyar filasta a rubuta kwanan wata a gefe. In ta dare, ginin ya motsa.

Ka leƙa cikin silin da tocila. A namu aikin zuma muka tarar, saƙa kusan tsawon ƙyaure, ga aji cike a ɗaya gefen bangon. Da kafinta ya soma ɓallewa da safe, Allah kaɗai ya san yadda za a ƙare a kan matakala. Mai cin zuma muka ɗauko daga ƙauye, ya kwashe ta daren Asabar, ya tafi da rabonsa yana godiya.

3. Fitar da abin da ke kisa a hankali

Yawancin gine-ginen wancan zamani da asbesto aka rufe su, ko aka yi musu silin. Muddin yana zaune ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Da an fasa, sai ya saki zare-zaren da ido ba ya gani, su zauna a huhu, cutar daji ta bayyana bayan shekara ashirin, talatin ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane nau'insa na jawo daji. Ɗalibin da ya shaƙa yau sai ya yi furfura abin zai tashi, ba kuma wanda zai tuna da kai.

Ga yadda ake yi. A rufe tagogin ɓangaren da ake zaune, a kashe na'urorin sanyaya ɗaki da ke kallon wurin. A jiƙa kowane falle da ruwa a hankali, ba da ƙarfin feshi ba. A kwance ƙusa ko a yanke kanta, a sauko da fallen ɗungurungum hannu da hannu. Ba jifa, ba guduma, ba injin yanka. A naɗe shi cikin leda mai kauri ninki biyu, a manne, a rubuta a jiki. A goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, tsintsiya ba ta da aiki a nan. Ma'aikata su sa takunkumi mai lamba FFP3 ko P3, ba na ƙyalle ba, da rigar aiki ta yarwa, don kada su kai wa iyalinsu ƙurar. Inda za a binne shi, hukumar muhalli ta jiha za ta faɗa, ka karɓi takarda.

*Gargaɗi:* za a zo roƙo. Mai shayin bayan hostal zai so fallaye biyar ya yi rumfa, mai gadi zai so na kejin kaji. Ka ba su haƙuri, ka ba su tsohon kwanon ƙarfe in akwai.

In ginin ya taɓa zama ɗakin gwaje-gwaje, ka sa shugaban sashen da tsohon ma'aikacin ɗakin su zo da kansu su kwashe kwalabe da tukwanen gas. Shi tsohon ya san abin da ke cikin kwabar da aka shekara ashirin ba a buɗe ba. Duk akwatin da ke da alamar nukiliya, mai fuka-fukai uku, aikin NNRA ne, hukumar da ke kula da harkar nukiliya ta ƙasa. Dogayen ƙwayayen fitila farare kuma akwai zaiba a cikinsu, a tara su ba a fasa ba.

4. Zaɓen lokaci

Karɓi jadawalin zangon karatu daga ofishin magatakarda ka ɗora aikinka a kai. Cire asbesto, yanka da sauke dekin su faɗa cikin hutu ko ƙarshen mako. Makon jarrabawa ba a kunna inji, ka sa shi cikin lissafi tun farko. Injin fasa kankare na wuce ma'aunin ƙara 100, alhali daga 85 ake fara kare kunnen ma'aikaci, ga shi ƙarar na bin jikin kankare ta ɓullo a ajin da ke can ƙarshe kamar a kansu ake yi. Ka zauna da shugaban tsangaya ku ware awannin ƙara, ka manna su a allo, ka kuma cika alkawari.

Da hunturu iska daga arewa maso gabas take kaɗawa, ka duba me ke kudu maso yammacinka. In asibitin jami'a ne ko ɗakin cin abinci, ruwan feshinka zai ninka. Da damina ƙura na kwanciya, amma buɗaɗɗen gini na shan ruwa, guguwar farkon damina kuma ba ta barin shingen da ba a kafa da kyau ba.

5. Yanke wuta, ruwa da waya

Kashe makunni ba yankewa ba ne. A cire wayar daga allon rarraba wuta, a kulle, makullin a aljihun foman, sannan mai gyaran wuta ya gwada kowane soket. A jami'a wuta ba ta hanya ɗaya take shigowa ba: ga ta kamfani, ga janareton tsangaya, ga sola da inbata da wani malami ya ja wa ofishinsa ba wanda ya sani. Ka gwada da rana, ka sake gwadawa bayan an tada janareto.

Ka kira sashen kwamfuta su nuna maka inda wayar intanet ta bi, don sau da yawa takan ratsa gini ɗaya ta ciyar da uku. Ka gano sokawe da tsofaffin tankunan ƙasa ka kewaye su, murfinsu ba ya ɗaukar tifa.

6. Shinge da hanya

Shinge na kwano ko falanki, tsayin mita 2.4, ba kafa ko ta akuya, ƙofa ɗaya mai kwaɗo da mai gadi dare da rana. Jan ƙyalle da aka ɗaura a sanda ba shinge ba ne, ɗalibin da ya makara zai ɗaga shi ya wuce yana ba ka haƙuri. Nisan shingen daga bango injiniya zai faɗa gwargwadon tsayin ginin.

Kafin ka kafa, ka tsaya a wurin ƙarfe takwas saura na safe da kuma bayan azahar, ka ga inda ƙafa take bi da gaske. Ka ba su wata hanyar mai kyau, da fitila, wadda keken guragu zai bi, ka kuma sa a zagaya da ɗalibai makafi su san ta, tunda su sanarwar allo ba ta isa gare su. Inda dole a bi ta gindin gini, a yi rumfa mai rufin katako mai kauri. A ciki kuma, duk ƙofa da lungun da ke haɗa ɓangarorin biyu a toshe da bangon wucin gadi daga ƙasa har dekin, a manne gefunan da leda saboda ƙura.

*Gargaɗi:* tifa ba ta ja da baya sai da mutum a ƙasa riƙe da tuta, kuma ba ta motsi a mintunan da ake sauya lakca. A harabar makaranta na fi jin tsoron tifa a kan bango.

7. Tuɓe ginin, tokare shi, raba shi

A cire ƙofofi, tagogi, gilasai, silin, famfuna da wayoyi, ya rage ƙashin gini. Daga nan a kafa ƙarafan tokara, waɗanda ake kira akro, a ɓangarorin biyu na layin yanka, bisa zanen injiniya. Daga ƙasa ake farawa a hau sama, kowane a kan saitin na ƙarƙashinsa, da katako mai kauri sama da ƙasa, a ɗaure su da juna. Wanda ya tokare hawa na biyu ya bar na ƙasa, nauyin kawai ya sauke wa dekin ɗin da ke tsakani. Ɗakunan da ke manne da layin a kwashe mutanensu har a gama.

Sannan a raba. Da injin yankan kankare mai ruwa ake yanka dekin da bim, a buɗe rata tsakanin mai tafiya da mai zama, yadda girgiza ba za ta ƙetara ba, abin da ke faɗuwa kuma ba zai ja maƙwabcinsa ba. Wannan mataki ne 'yan kwangila suka fi son tsallakewa saboda tsadar hayar injin. In ba a samu injin ba, a fasa ratar da ƙaramin inji da cizal, a yanke rodin da giranda. Jan rodi da katafila don ya tsinke shi ne hanya mafi sauri ta tsaga ɓangaren da aka ce ka kare.

8. Sauke shi daga sama

Yadda aka gina, haka ake warwarewa a juye: rufi, bangon da ke kewaye da rufi, baranda, dekin, bim, bango, fila. Hawa ɗaya ya ƙare kafin a taɓa na ƙasansa. Mai fasa dekin a kan katakon da aka shimfiɗa bisa bim yake tsayawa, da igiyar tsaro, ba a kan abin da yake fasawa ba. Bim sai an tokare ko an rataye shi kafin a yanke kawunansa. Kusa da layin yanka aikin hannu ne. Katafila sai can nesa, bayan an raba ginin, kuma ba ta aiki da mutum a ciki. Mutum ɗaya aikinsa ke nan riƙe tiyo, domin ƙurar kankare ma tana cin huhu. Hular kwano, takalmin aiki, tabarau, safar hannu da toshin kunne, kai za ka saya.

Kada a tara baraguzai a kan dekin. Kubik mita ɗaya na kankare mai rodi ya kai tan 2.4. Dekin mai kaurin milimita 150 na da nauyin kilo 360 a kowace murabba'in mita, wato na aji mai mita 10 da 8 ya kusa tan 29. Ƙasan aji kuwa yawanci nauyin da ake lissafa zai ɗauka a kansa kimanin kilo 300 ne a murabba'in mita, tulin da ya kai gwiwa ya ninka haka. A riƙa zubo shi ta rufaffen bututu, ko ganguna da aka fasa gindinsu aka jona, zuwa wurin da aka killace.

*Gargaɗi:* ba a tashi aiki a bar bango tsaye shi kaɗai ba abin da ke riƙe da shi. Ranar 5 ga Yuni 2013, a birnin Filadelfiya na Amurka, irin wannan bango na wani gini mai hawa huɗu da ake rushewa ya faɗa kan shagon da ke maƙwabtaka ana tsakar ciniki, mutum shida suka mutu a wurin. Ɗan kwangilar da direban katafilar duk an ɗaure su. Kafin a tafi sallar Juma'a, kafin a tashi da yamma, foman ya zagaya ya tabbatar duk abin da ke tsaye ko dai a tokare yake ko an sauke shi.

Kowace safiya a duba filastar da aka shafa kan tsagogi, a ƙara ɗaure akron da ya saki. In filasta ta dare, ko ƙofar ofis ta soma cijewa, ko yashi na zubowa daga silin, a tsayar da aiki, a fitar da mutane, a kira injiniya. Ka ba kowane lebura ikon cewa a tsaya, kuma kada ka yi masa faɗa in ya zama ba komai.

9. Baraguzai da 'yan jari bola

Wanda ya ga rusau na Kano a 2023 ya ga yadda matasa ke dafifi a kan rodi tun ƙura ba ta kwanta ba. Rodi kuɗi ne, labarinsa kuma ba ya kwana. A yanka shi a fitar kullum, kada tuli ya kwana yana kiran mutane. Tifa a rufe ta da tamfol. Fasasshen kankare mai tsabta sau da yawa jami'ar na son sa don cikon hanya, ka tambaya, zai rage maka sawu.

10. Lissafin kuɗi

Ba zan rubuta farashi ba, na dizal kaɗai ya isa ya ƙaryata ni kafin wata ya mutu. Ka nemi farashi daga mutum uku kan kowane abu. Wanda aka saba sawa: lebura, hayar inji, dizal, sawun tifa. Wajen sawun, ka tuna kankare in ya fashe yana ƙara cika wuri, kusan da rabi. Wanda ake mantawa: kuɗin injiniya da zuwansa duba aiki, hayar akro da sikafol (ƙarafan da ake haɗawa a hau a yi aiki a sama) da ake biya kullum ko ana aiki ko ba a yi, tankar ruwa, mai gadin dare, matakalar wucin gadi, kwashe asbesto, inshora, da kwanakin zaman banza na jarrabawa. A namu aikin kuɗin kariya ya fi na fasawa. In ka ga wani ya kawo farashi rabin na kowa, ka duba takardarsa, waɗannan ne babu.

11. Rufe fuskar da aka yanka

Bangon da ya zauna a ciki shekara hamsin yanzu ya koma na waje. A yanke rodin da ya leƙo, a shafa masa maganin tsatsa, a rufe da siminti. A yi filasta, a gyara bakin rufi da indararo kafin ruwan farko. Ƙofar da a da take shiga reshen da aka cire, yanzu sarari take buɗewa daga hawa na biyu, a gine ta da bulo, kwaɗo bai isa ba. Akro ba ya fita sai injiniya ya rubuta, kuma daga sama ake cire shi a sauko. Ku sake zagayawa da wakilin jami'a da hotunan farko a hannu, ku sa hannu.

Shinge shi ne na ƙarshen tashi. Kafin a ɗauke shi, a cike ramuka, a daidaita ƙasa, a samo maganaɗisun tsohuwar sifika a ɗaura a igiya, yaro biyu su ja shi lungu-lungu. Mu sai da muka cika bokitin fenti da ƙusa da guntayen waya, a filin da washegari ɗalibai suka bi da silifas.